Zane Ba Ya Matse Mai Ciki: Tarihin Suturar Mai Juna Biyu Daga Kakanninmu Zuwa Yau

Barkanmu da zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, Allah Ya ƙara haɗa kanmu. A irin wannan fitowa an saba waiwayen baya don a ga inda aka taso. Waiwayen bana zai faɗa kan wani abu da kusan kowace mace a cikinmu ta taɓa kuka da shi, sai dai kukan a ɗaki yake tsayawa, kunya ba ta barin a kawo shi gaban taro. Maganar ita ce: me mace za ta sa idan ciki ya tsufa?

Kun dai san yadda abin yake. Wata biyar na cika, kayan akwati su yi yaji gaba ɗaya. Siket ya ƙi wuce cinya, zif ya tsaya a tsakiyar baya, hannun riga ya shaƙe damtse. Ga kaya jibge, amma babu na zuwa awo, balle na zuwa barka ko gaisuwar rasuwa. A nufi kasuwa, kuɗin turmi ya fi ƙarfin jaka. A je wajen tela, ya ce sai bayan sallah. Daga ƙarshe matar aure ta koma zirga-zirga a tsakar gida cikin tsohuwar jallabiyar maigida.

To amma ku sami tsohuwar da ta haifi goma ko fiye, ku tambaye ta sunan rigar masu ciki a zamaninsu. Dariya za ta yi, ta ce, "Wace riga kuma, 'yar nan? Ai zanenki zanenki ne, sassauta ɗauri kawai ake yi." Wannan amsar tata tarihi ce guda. Tana nuna cewa wahalar nan da muke sha baƙuwa ce, akwai lokacin da ta shigo, akwai kuma hanyar da ta biyo.

Zamanin mazari

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa ita ke tufatar da kanta, har ta tufatar da maƙwabta. A cire auduga a gona, mata su gurje ta, su shiɓe, su zauna da mazari da alli suna kaɗi. Zaren ya tafi wajen masaƙa, daga can sai marina, daga marina sai mabuga. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, har yau ramukanta na nan. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Garin Kura ya yi suna da baƙin turkuɗi mai ƙyalli da Buzaye ke naɗi da shi. Duk ƙyallen da ya yi wannan doguwar tafiya, hannun mace ne ya fara murza zarensa.

Suturar galibin mata a wancan lokaci ba ta san almakashi ba. Zane ne a ɗaura a ƙirji ko a ƙugu, fatari daga ciki, mayafi a sama, kallabi a ka. Aikin allura bai wuce haɗa sawayen saƙa su zama shimfiɗa ɗaya ba. Kowace safiya mace ce telan kanta, da hannunta take yi wa zane sabon awo.

Mu gwada hikimar da atamfar yau. Turmi yadi 6 ne, falle uku ke nan, kowane falle yadi 2. Yadi ɗaya inci 36 ne, don haka zane falle ɗaya inci 72 ne. Macen da ƙugunta inci 40 ne, in ta ɗaura, inci 32 ya rage da zai hau kan ɗan uwansa. Ko cikin ya kai ta inci 50, har yanzu akwai rarar inci 22, ɗauri zai zauna daram. Shi ya sa zanen da mace ta ɗaura tana amarya shi za ta ɗaura ranar naƙuda, shi za ta ɗaura tana wankan jego. In ya kwana biyu ya koma na goyo, in ya mutu a yayyaga shi a yi wa jariri tsumma. Babu zaren da ke tafiya a banza.

Zanen ya kuma dace da al'adar kunya. Mai cikin fari ba ta son a gane, sai ta riƙa ɗaga ɗauri tana ƙara jan mayafi, sai uwar miji mai ido ce za ta lura ta yi shiru. Kafin maganar ta cika unguwa wata bakwai ya kusa, an zo an tafi da ita goyon ciki gidan iyayenta.

Kada dai a ɗauka zamanin hutu ne. Tufa tana da tsada, zaren zane ɗaya kan ci mace kwanaki masu yawa tana kaɗi, kuma matar talaka ba ta tara zannuwa barkatai. Abin lura shi ne, ciki ba ya ƙara mata wani kashe kuɗi na sutura. Abin da take da shi ya ishe ta daga watan farko har na tara.

Keke ya shigo gari

A shekarar da Barth ke zagaya kasuwar Kano, wato 1851, wani mutum mai suna Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka. Su matan Turawa dama tufafinsu yankakku ne, ɗinkakku daidai jiki, har da wani abin ɗame ciki da suke ɗaurawa tamau daga ciki. Saboda haka sun riga mu shan wannan wahala da daɗewa. Matar mai hali a can, da zarar ciki ya fito, sai ta rage fita cikin jama'a.

Wata tela ce, Lena Bryant, 'yar asalin Lituweniya da mijinta ya rasu ya bar ta da jariri, ta buɗe shago a birnin New York a 1904. Wata mai juna biyu ta roƙe ta rigar da za ta iya fita da ita ba tare da jin kunya ba, sai ta ɗinka mata doguwar riga mai roba a ƙugu da siket mai tattara. Rigar ta karɓu, amma jaridu suka ƙi buga tallarta, wai maganar ciki ba ta dace da shafin jarida ba. Sai a 1911 jaridar New York Herald ta yarda ta buga, washegari kayan shagon suka ƙare ƙarƙaf. Ashe kunyar ciki ba a kanmu aka fara ba. Ku kuma lura da abin da ta ƙirƙiro: tufar da ke buɗewa tana bin jiki. Abin da zane ya daɗe yana yi mana ke nan kyauta.

A wannan shekara ta 1911 ce kuma layin dogo ya iso Kano. Jirgi ya riƙa sauke kayan kantunan Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant, daga baya UAC: akoko, alawayyo, da atamfar Ingila da ta Holan. Aka kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. A hankali mazari ya fara komawa ƙarƙashin gado, keken ɗinki ya kama rumfa a kasuwa. Riga ta zama ruwan dare a jikin mata, kuma wadda ta fi yaɗuwa ita ce buba da muka aro wajen Yarbawa, mai faɗin wuya da faɗin hannu. Buba ba ta faɗa da ciki. Iyayenmu da suka yi zamanin buba da zane ba su san wannan kuka namu ba.

Zamanin Kakuri

A 1957, lokacin gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri. United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga masaƙun Kano da na Gusau da na Funtuwa. Audugarmu, saƙarmu, atamfarmu. Masana'antar tufafi ta zama cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata bayan gwamnati. Da kuɗin mai da na Udoji suka shigo a tsakiyar shekarun 1970, ƙaramin ma'aikaci ma na iya shigowa gida da turmi a hammata ranar albashi. Lefe, wanda asalinsa ɗan kwando ne na kaba, ya koma fantimoti, fantimoti ya koma akwatuna saiti.

A nan ne almakashi ya sami sarauta. Da yadi ya wadata, sai yayi ya fara juya mu. Riga ta fara tsukewa a ƙugu, zif ya shigo, siket ya ture zane. Talbijin da finafinai suka ƙara wa wutar mai, yau kuma waya ce ke kawo sabon salo kullum. Turmin da a da ake raba shi uku, falle ɗaya zane, ɗaya riga da ɗankwali, ɗaya a ajiye na yafawa ko na goyo, yanzu yanka shi ake gunduwa-gunduwa a haɗa siket mai kama cinya. Zane na da rarar inci 20 ko 30. Siket kuwa, in tela ya yi kirki, inci ɗaya ko biyu ya bari a cikin ɗinki.

Ku dubi abin da ke faruwa da lefe. Kafin biki an kwashe turamen an kai ɗinki, duk da awon budurwa. Allah Ya kawo rabo cikin shekarar farko, sai dukiyar da ango da danginsa suka yi shekara suna tarawa ta zama ta kallo. Wasu kayan ma ko bayan haihuwa ba za su ƙara shiga ba, domin jikin da ya yi jego ba lallai ya koma yadda yake ba.

Ga kuma matsalar awo. Teloli da yawa maza ne, wace matar aure ce za ta tsaya namiji ya zagaya mata tef a ciki? Sai a ba yaro tsohuwar riga a leda, a ce, "Ka ce wa tela ya yi daidai wannan, amma ya ɗan ƙara." Ya ƙara nawa? A ina? Shi tela bai san dalili ba, kunya ta hana a faɗa masa. Sai ya ƙara ko'ina daidai wa daida, rigar ta dawo kafaɗa na zamewa, ciki kuma na nan a matse, gaba ya ɗage baya ya sauka. An yi asarar yadi, an yi asarar kuɗin ɗinki.

Da masaƙu suka yi shiru

Ɗinki ya riga ya matse, sai kuma araha ta gudu. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta fara gangara. Masaƙu suka rasa kuɗin sayo kayan gyara, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin mai ya yi tsada. Atamfar waje, musamman ta Sin, ta riƙa kwararowa ta Kwatano da Maraɗi. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007. Da yawa a cikinmu 'ya'yan ma'aikatan masaƙa ne ko matansu, ba sai an ba mu labarin yadda gidaje suka shiga ba.

Tun daga nan farashin zanen da ke jikinmu ya koma bin dala. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wadda ta shiga Kantin Kwari a tsakanin nan ta ji a jikinta. Maigidan da ke fama da kuɗin masara, ga kuɗin awo, ga ragon suna na tafe, in aka ce masa a yi sabon ɗinki na wata huɗu kacal, amsar da za a ji ita ce, "Ki dai lallaɓa, ai saura kaɗan."

Mai araha kuma ba ta ado, ba ta kuma jin daɗin jiki. Da yawa daga cikin yadukan nan masu sauƙin kuɗi akwai roba a zarensu, ba sa shan gumi. Mai ciki dama jikinta ya fi na kowa zafi. A haɗa mata da bazarar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga babu wuta, sai ƙuraje da ƙaiƙayi a ƙarƙashin ƙirji da matsematsi.

Wasu sukan nufi gwanjo, irin na Ƙofar Wambai. Ana dacewa wani lokaci. Sai dai kayan masu cikin da ke fitowa daga dila an ɗinka su ne don matan wata ƙasa: wando mai roba a gaba, 'yar riga iya ƙugu, wasu ma na sanyi ne. A ɗaki sa yi amfani, amma ba da su za a je gidan surukai ba. Masu kyaun kuma tun wajen fasa dila 'yan sari suka tsince. Hausawa sun gama magana da suka ce kayan aro ba ya rufe katara.

Hijabi, wanda ya yaɗu tare da makarantun Islamiyya tun daga shekarun 1980, ya rufa wa mata da yawa asiri. A zumbula dogo har ƙasa, babu mai sanin zif a buɗe yake daga ciki. Abaya da bubu su ma sun taimaka ƙwarai. Amma abaya mai kyau daga waje take zuwa, kuɗinta na dala ne, bubu kuma na cin yadi. Rufin asiri a titi daban, sakewar jiki daban.

Ba ƙaramar magana ba ce

Wani zai ce, duk wannan surutu a kan wata huɗu? Mu yi lissafi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma, in aka yi rabo daidai, haihuwar mace ɗaya ta kai 6.6. A ɗauka shida ne. Wata huɗun ƙarshe na kowane ciki, sau shida, wata 24 ke nan, shekara biyu cur. Ba a sa watannin jego da shayarwa ba, waɗanda su ma rigar da aka saba ba ta biyan buƙatarsu. Macen da ba ta da abin sawa tana janye jiki daga taro, daga kasuwa, daga sana'arta, wata ma har ranar awo takan tsallake don kunyar fita. Wannan kuwa ya taɓa lafiya, ya taɓa jari.

Tun da an zo maganar lafiya, a riƙe wannan. Ƙaruwar ciki da ƙirji da ɗan kumburin ƙafa da yamma abu ne da aka saba gani. Amma in zobe ya ƙi fita dare ɗaya, fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan ba aikin tela ba ne. A garzaya asibiti a auna jini, domin yana iya zama hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga.

Da tsohuwar zuma ake magani

Babu mai cewa a koma ɗaurin ƙirji a fita unguwa. Abin da tarihin nan ke koya mana shi ne dabarar da ke cikin zane: tufa ta bi jiki, kuma ta yi aiki fiye da ɗaya. Ana iya mayar da wannan dabara cikin ɗinkin zamani.

Iyayen amare, a daina kai lefe gaba ɗaya wajen tela. A bar turmi uku ko huɗu a ƙasan akwati, ranarsu na zuwa. Wanda aka kai ɗinki ma, a riƙa cire falle ɗaya a bar shi zane.

Telolinmu mata, wannan kasuwa taku ce, domin ku ne mai ciki za ta tsaya a gabanku ba kunya ta ce, "Yaya, wata shida ne." A auna kafaɗa da ƙirji daidai, a sa tattara daga ƙarƙashin ƙirji. Gaban riga ya fi bayanta tsawo da inci biyu ko uku, domin ciki zai ɗage shi. A saki hammata. Siket a yi masa tazuge ko roba mai faɗi maimakon zif. A bar rara mai yawa a ɗinkin gefe yadda za a iya buɗewa, a kuma tsuke daga baya. In aka sa zif ko maɓalli a gaba, rigar ta zama ta shayarwa, wata huɗu ya koma shekara biyu. Yadi kuwa a nemi na auduga, ko da adonsa bai kai ba.

Mu kuma a ƙungiyance, abin da ya gagari mace ɗaya ba zai gagari taro ba. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko a Najeriya ta 1935 ce, shirin Better Life na Maryam Babangida da ya yaɗa ƙungiyoyin mata ya zo a 1987, amma adashi da biki da gudummawa sun girme su duka. Ana iya haɗa kuɗi a saro yadi a farashin sari a raba. Ana iya ware ɗan adashi na masu juna biyu, kwasar ta zo a wata na huɗu. Ana iya ajiye akwati guda na rigunan da masu su suka gama da su, a wanke a goge, mai buƙata ta ɗauka a asirce ta dawo da shi bayan arba'in. Ya da ƙanwa sun daɗe suna yi wa juna haka. Kayan da aka haɗa kuɗi aka ɗinka kuwa ba na aro ba ne, namu ne, za su rufe katara. Shawara ce, a kawo ta zama na gaba a tattauna.

Iyayen gida maza da kuka biyo mu har nan, kun san sutura na cikin haƙƙin da ke wuyanku, tare da ci da sha. In za a yi lissafin rago da kayan fitar suna, a tuna da wadda ke ɗauke da mai sunan tun kafin ranar. Riga biyu masu walwala da zane biyu na auduga sun isa su sauya mata watannin nan.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba masu nema, Ya raya mana zuri'a. Iyayenmu da suka yi kaɗi da mazari suka rufa mana asiri, Allah Ya jiƙansu da rahama. Allah Ya maimaita mana, Ya bar zumunci.